Yaya ake gane dattijon da jikinsa ya saba da ƙwaya ko giya bayan an kwantar da shi a asibiti?

Ma'aikaciyar jinya, Garwa

Assalamu alaikum. Ina aiki a ɗakin maza na wani asibiti a Garwa, inda ake kwantar da waɗanda suka karye da waɗanda aka yi wa tiyata, kuma akwai wani al'amari da nake yawan gani wanda nake neman ƙarin haske a kansa daga waɗanda suka riga ni a aikin. Za a kawo dattijo mai shekara 65 ko 70 da karayar ƙugu ko ciwon gwaiwa, ranar farko yana cikin hankalinsa, yana amsa gaisuwa, yana salla a zaune, amma a dare na biyu ko na uku sai ya birkice. Zufa ta riƙa karyo masa, hannuwansa su riƙa rawa, ya fizge robar ƙarin ruwa, ya ce yana ganin ƙwari suna bin bango. 'Ya'yansa su ce iska ce ko sammu, wasu su ce ruɗin tsufa ne, mu kuma mu yi gwajin maleriya mu tarar babu komai. Wani likitanmu ya ce mai yiwuwa akwai abin da irin waɗannan dattawa suke sha a gida wanda kwanciyar asibiti ta yanke musu shi kwatsam.

Tambayata kashi biyu ce. Waɗanne alamu ne za su sa mu yi wannan zato tun ranar da aka kawo mutum, kafin ya birkice? Sannan ta wace hanya yarinyar da ba ta wuce sa'ar jikarsa ba za ta tambayi dattijo irin wannan magana, alhali 'ya'yansa da surukansa suna zagaye da gadonsa? Allah ya saka da alheri.

Likitan manya, Marwa

Wa alaikumus salam, Malama. Zaton abokin aikinki yana kan hanya, kuma abin da ya fi ƙarfafa shi shi ne lokacin da birkicewar take zuwa. Ga mutumin da jikinsa ya saba da giya kullum, rawar hannu da zufa da tashin zuciya da saurin bugun jini sukan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan shansa na ƙarshe, farfaɗiya tana iya biyo baya a cikin kwana biyun farko, ita kuwa babbar birkicewa mai haɗe da gane-gane ta fi zuwa daga awa 48 zuwa 72, wani lokaci har kwana na huɗu. Wannan mataki na ƙarshe yana kisa idan ba a kula da shi ba, kuma ya fi haɗari ga tsofaffi. Saboda haka duk dattijon da ya shigo da hankalinsa ya rasa shi a dare na biyu ko na uku, wajibi ne wannan zato ya shiga lissafi, ko da rawaninsa ya kai ina.

Sai dai ina roƙon kada zaton ya rufe mana ido daga sauran dalilai. Ruɗin tsufa na ainihi yana shigowa ne a hankali cikin watanni da shekaru, kuma idan aka tambayi iyali za su ce ai ya daɗe yana manta sunayen jikoki ko yana ɓata hanyar masallaci. Wanda ya rikice cikin dare ɗaya kuwa yana da wata cuta da take buƙatar a nemo ta nan take. Abu na farko shi ne a soki yatsa a auna sukari, musamman idan an ba shi kinin, domin kinin yana saukar da sukari. A auna zafin jiki da numfashi, a taɓa mara a ji ko fitsari ya taru, a saurari ƙirji, a buɗe wurin tiyata a duba, a lanƙwasa wuya tunda muna cikin yankin sanƙarau kuma da rani ne yake tashi, a kuma tambaya ko ya bugu a ka lokacin da ya faɗi, saboda jini yana iya taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kan tsoho har sai bayan kwanaki ya nuna. A watannin Maris zuwa Mayu ƙarancin ruwa a jiki kaɗai ya isa ya rikita dattijo. Kuma abu biyu suna iya haɗuwa a jikin mutum ɗaya: mai shan giya yana saurin kamuwa da ciwon huhu da faɗuwar sukari.

Dalilin da ya sa ake yawan kuskure tsofaffi shi ne da yawansu ba su ƙara yawan abin da suke sha ba, jikin ne ya sauya. Ruwan jiki yana raguwa da shekaru, hanta da ƙoda suna rage hanzari, don haka ƙwaryar giyar gargajiya ta bil-bil da mutum ya saba sha tun yana ɗan shekara 30 ba tare da ya yi tangaɗi ba, a shekara 70 ita ce za ta kayar da shi a bakin ƙofa. Shi da iyalinsa ba za su ga wani sabon abu ba balle su faɗa mana.

Game da alamun ranar farko, ni abin da nake dubawa shi ne faɗuwa fiye da sau ɗaya a 'yan watanni, tabo da kumburi masu shekaru daban-daban a gwiwa da goshi, tsohuwar karayar haƙarƙari da ta fito a hoton ƙirji wadda babu wanda ya ba da labarinta, hawan jinin da ya ƙi jin magani, dindiris ko zafi a tafin ƙafa ga wanda ba shi da ciwon sukari, rama da rashin cin abinci, da rashin barci da ya daɗe. Idan akwai halin gwajin jini, girman jajayen ƙwayoyin jini fiye da kima da hauhawar sinadarin hanta da ake kira GGT suna ƙara nauyin zato, amma ba hujja ba ne su kaɗai, domin ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankinmu kuma shi ma yana taɓa gwajin hanta. Akwai kuma jerin tambayoyi da aka tsara domin wannan aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da AUDIT mai tambaya 10 a kan giya, wanda ake iya taƙaita shi zuwa ukun farko, da ASSIST wanda ya haɗa da taba da ƙwayoyin barci da dangin tiramadol, sannan a Jami'ar Michigan ta Amurka an tsara SMAST-G musamman domin tsofaffi, tambaya 10 ce ta e ko a'a, kuma amsa e sau biyu ta isa a zurfafa bincike.

Gargaɗi ɗaya zan ƙara. Kada addini ko ƙabilar mutum su yanke mana hukunci ta kowane ɓangare. Akwai Musulmin da yake sha a ɓoye kuma ya fi kowa jin nauyin faɗa, akwai kuma wanda ya fito daga ƙauyen da ake dafa bil-bil kowace ranar kasuwa amma bai taɓa kai ta bakinsa ba. Kowane dattijo a tambaye shi, tambaya iri ɗaya.

Mai harhaɗa magunguna, Ngaundere

Dakta ya yi bayanin giya yadda ya kamata, amma a ganina, ga dattawan da Malama take magana a kansu, ƙwaya ta fi giya yawa, kuma ta fi wuyar ganewa saboda mai shanta bai ɗauki kansa mai laifi ba. Magani yake sha, kuma da gaskiyarsa, tunda ciwo ne ya kai shi. Manomin auduga ko tsohon direban tirela da bayansa da gwiwoyinsa suka gaji, wani ya ba shi tiramol, wato tiramadol, guda ɗaya ya ji ya miƙe ya yi aikin yini, daga nan ya zama sai da ita yake fita.

Ga lissafin da ya kamata kowane ma'aikacin jinya ya riƙe. Tiramadol na asibiti yawanci miligiram 50 ne ko 100, kuma iyakar abin da babba zai sha a yini miligiram 400 ne, wanda ya haura shekara 75 kuwa ba a so ya wuce 300, idan ƙodarsa ta raunana ma a rage ƙasa da haka. Wanda ake sayarwa a tebur da bayan keke kuwa akwai mai 120, da mai 200, da mai 225. Dattijon da ya ce miki guda biyu kacal yake sha, ɗaya da safe ɗaya da la'asar, idan mai 225 ce ya riga ya wuce iyakar saurayi mai lafiya. Don haka jin adadin ƙwayoyin bai wadatar ba, sai an ga fakitin da ido. Tiramadol yana jawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yin ta ba, yana iya saukar da sukari da gishirin jini, kuma idan ya haɗu da wasu magungunan damuwa irin su amitiriftilin, wanda ake yawan rubuta wa tsofaffi saboda zafin jijiya, yana iya kawo zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa. Idan aka yanke shi kwatsam, a cikin yini guda za a ga hamma da hawaye da yoyon hanci da gudawa da ciwon gaɓoɓi, kamar mura mai tsanani, wasu kuma har da firgita da gane-gane. Idan kuma ya yi yawa a jiki, ƙwayar ido takan tsuke, numfashi ya ragu, mutum ya yi ta gyangyaɗi ana tashinsa yana komawa.

Yawan wannan ƙwaya a arewacin Kamaru ya kai inda a shekarar 2013 wasu masu bincike suka sanar cewa sun samu tiramadol a cikin saiwar tafashiya, har aka ɗauka itacen ne yake yin sa da kansa, sai a 2014 wata tawaga ta masu bincike daga Jamus da Kamaru ta danganta abin da fitsari da kashin shanun da manoma suke ba ƙwayar domin su jure aiki cikin zafin rana. Inda ake ba shanu, ba abin mamaki ba ne a same ta a aljihun mai shanun.

Na biyu su ne magungunan barci, diyazefam da ake sani da Valium, da Lexomil wanda likitocin ɓangarenmu na masu Faransanci suka daɗe suna rubutawa. Sau da yawa likita ne ya rubuta shi na mako biyu bayan wata rasuwa, sai takardar ta zama ta shekara biyar. Diyazefam yana daɗewa ƙwarai a jikin tsoho: abin da jikin ɗan shekara 20 yake rage rabinsa cikin kamar awa 20, jikin ɗan shekara 80 yana iya ɗaukar kusan awa 90. Wannan ne ya sa yake taruwa ya kawo jiri da mantuwa da faɗuwa, kuma shi ne ya sa alamun yanke shi ba sa bin jadawalin giya, suna iya jinkiri har kusan mako guda ko fiye, wataƙila ma bayan an sallami mutum. Ga kuma maganin tari mai kodin, wanda Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da shi a 2018, amma duk wanda ya san yadda kaya suke ratsa iyakar Mubi da Yola ya san kwalba ba ta rasa hanya.

Shawarata mai sauƙi ce. Ranar da aka kwantar da dattijo, a ce wa iyali su kawo duk maganin da yake sha a gida, na asibiti da na kasuwa da na gargajiya, a leda ɗaya, a gaya musu dalili shi ne kada maganinmu ya yi karo da nasa, wanda kuma gaskiya ne. A cikin irin wannan leda ne ake samun dekzametazon da mutum ya shekara yana sha domin sanyin ƙashi, wanda shi ma yanke shi kwatsam yana iya saukar da jini har ya kai ga halaka, balle ga wanda za a yi wa tiyata.

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Injamena

'Yata ta Garwa, ɓangare na biyu na tambayarki zan taɓa, domin a nan ne aikin yake tsayawa ko ya tafi. Da izinin Dakta, takardun tambayoyin nan da ya ambata suna da amfani, amma idan aka karanta su ga dattijo yadda aka rubuta su, a gaban mutane, amsar da za a samu a'a ce daga farko har ƙarshe. Ban da haka, suna ƙirga giya ne da ma'aunin kwalba da kofi da aka san ƙarfinsu, mu kuwa a nan bili-bili da ƙwarya ake sha, arge kuma, wato barasa mai ƙarfi da ake yi a gida, kowace mai dafawa da irin ƙarfin nata. Ni na fi samun gaskiya idan na tambayi kuɗi da lokaci: nawa ake kashewa a yini, da wane lokaci ake farawa, kuma idan aka wayi gari babu, yaya jiki yake yi.

Kada ki taɓa yin tambayar a gaban 'ya'ya, balle suruki. Ki jira lokacin da suka fita salla, ko ki aike su sayen magani, ki ja labule, ki zauna a kujera yadda kanki ba zai fi nasa tsawo ba, ki gaishe shi gaisuwa cikakkiya kafin komai. Daga nan ki shiga ta ƙofar ciwo, wadda ba ta da abin kunya. Ki ce, "Baba, wannan ciwon ƙafa da kuka daɗe da shi, idan ya matsa muku da dare, me kuke sha ya lafa?" Idan ya ambaci wani abu, kada fuskarki ta sauya, ki ci gaba da cewa, "Guda nawa yake isar ku yanzu? Da can ma haka ne, ko sai da aka ƙara?" Sannan barci: "Barci yana zuwa da kansa, ko sai an taimaka masa?" A ƙarshe ki faɗa masa dalilinki a fili: "Baba, kowa muke yi wa wannan tambaya, domin akwai abubuwan da idan jiki ya saba da su aka daina rana ɗaya, suna iya kayar da mutum, ko giya ce ko ƙwaya. Abin da kuka faɗa mini daga ni sai likita." Ƙuruciyarki ba cikas ba ce yadda kike zato. Dattijo yakan faɗa wa jika abin da ba zai faɗa wa ɗansa na fari ba, tunda tsakanin kaka da jika akwai wasa, tsakaninsa da ɗan fari kuwa sai kunya.

Idan harshe ya raba ku, misali dattijon Fillanci kaɗai yake ji ko Larabcin Shuwa, ki nemo abokin aiki ya yi tafinta. Ɗansa ba zai iya juya wannan tambaya zuwa ga mahaifinsa ba, zai amsa miki ne da kansa.

Kuma kada a manta da ɗakin mata. Hajiyar da mijinta ya rasu, 'ya'ya suka watse zuwa Kusiri da Yawunde da Kano, ta rage ita kaɗai da dare mai tsawo, ita ce ta fi kowa saurin sabawa da ƙwayar barci ko kwalbar maganin tari, kuma ita ce ba wanda zai zarga. A nan Injamena masu tallar magani da ake kira dokta shuku har ƙofar gida suke kai wa. Ki duba bakin zaninta da ƙarƙashin matashi cikin ladabi lokacin gyaran gado, domin wasu suna ci gaba da sha a asibitin a kan abin da muke ba su. Haka kuma taba gari da ake sawa a leɓe da goro: wadda ta saba da su shekara 40 idan aka hana ta saboda tiyata za ta yi ciwon kai da ƙunci da rashin barci, abin da ba ya kisa amma yana iya ruɗa mai duba ta.

Ma'aikaciyar jinya, Garwa

Na gode ƙwarai, Dakta, da Malam, da Inna. Saura abu ɗaya. Idan dattijon ya amince ya faɗa mini, me ya kamata ya biyo baya a daren nan, kuma shin iyalinsa suna da haƙƙin a sanar da su, tunda su ne suke biyan kuɗin magani kuma su ne za su koma da shi gida?

Likitan manya, Marwa

Abu na farko, Malama, ki sanar da likitan da yake kan aiki a daren, da mai ba da maganin sa barci idan akwai tiyata a gaba, tare da lokacin da dattijon ya sha na ƙarshe, domin daga wannan lokaci ne ake fara ƙirga awoyin haɗari. Idan giya ce, ana ba da bitamin B1 ta allura tun da wuri, kafin ruwan sukari ko tare da shi, saboda ƙarancinsa yana iya lalata ƙwaƙwalwa lalacewar da sau da yawa ba ta gyaruwa, amma idan sukari ya faɗi ba a jinkirta ruwan sukari domin jiran bitamin. Ana kwantar da rawar jiki da dangin diyazefam a ƙarƙashin kulawar likita, da ƙaramin awo ga tsoho, ana duba numfashi da bugun jini a kai a kai. Idan ƙwayar barci ce ko tiramadol, ba a yanke su rana ɗaya, ana rage su ne mataki-mataki, na barcin ma cikin makonni, kuma dole a ba shi wani abin da zai riƙe ciwon da ya kai shi ga ƙwayar tun farko, in ba haka ba ranar da aka sallame shi zai koma wurin mai tebur. A bar fitila a kunne kusa da gadonsa, a bar mutum ɗaya da ya sani ya kwana tare da shi, a guji ɗaure shi da igiya matuƙar akwai wata hanya, domin ɗauri yana ƙara firgita da rauni.

Game da iyali, biyan kuɗi bai ba su haƙƙin sirrinsa ba matuƙar yana cikin hankalinsa, kuma Hausawa sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Abin da nake yi shi ne in tambaye shi wa ya yarda a sanar a cikin iyalinsa, sau da yawa sai ya zaɓi matarsa ko wata 'yarsa, sai mu yi maganar mu uku. Sauran ana iya gaya musu abin da suke buƙata domin kula da shi ba tare da an tona komai ba: cewa kada a saya masa kowane magani a waje, kuma idan ya yi farfaɗiya ko ya rikice a dawo da shi nan take. Idan kuwa ya riga ya birkice har ba ya iya yanke shawara, sai a yi magana da mafi kusancinsa gwargwadon abin da jinya take buƙata. Kafin sallama a rubuta jadawalin rage maganin a karnensa, wato littafinsa na asibiti, da rubutun da kowane ma'aikacin lafiya zai iya karantawa, a sa ranar dawowa cikin mako ɗaya ko biyu, kuma idan gidansu yana da nisa a haɗa shi da cibiyar lafiya mafi kusa da su wadda za ta riƙa ba shi maganin na mako-mako maimakon a damƙa masa na wata guda a hannu.